Za Mu Lallaɓa

Malamar Turanci ta faɗo shagon gyaran fankoki ko sallama babu, da sauran alli a yatsunta. Saurayinta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ɗago daga kan wata fanka da ya kwance. Murmushinsa bai kai ko'ina ba ya ɓace.

"Me ka ce wa Yayana da ya tambaye ka ko aurenmu zai ɗore?"

Ya sosa ƙeya. "Cewa na yi za mu lallaɓa."

"Za mu lallaɓa!" Ta maka jakarta a kan teburi, notunan fankar suka tarwatse. "Wuni na yi ina nuna wa ɗalibai cewa a Turanci kalmar abin da ya daɗe don ƙarkonsa daban, ta wanda ake ja da ƙyar daban. Ashe ni ce ban ɗauki darasin ba."

"Haba Malama, magana ce kawai."

"A bakinka? Sau nawa nake zama a bencin nan? In fanka lafiyayya ce, ƙwanƙwasa ta kake yi ka ce wa mai ita, 'Wannan sai kin gaji da ita.' In kuwa ta kusa mutuwa ka ɗaure ta da salatif, ba ka kallon idon mutum. Sai ka ce za ta lallaɓa."

Ta matso gabansa.

"To kalle ni, ka faɗi ta farkon."

Idonsa ya koma kan fankar. Ta jira, bai ɗago ba. Ta zare zoben da ya ba ta, ta jefa cikin notunan.

"Ga wani gyaran. Lallaɓa shi kai kaɗai."