Murfin da Sallau Ya Zuba

Sallau ba shi da wata sana'a a Dakoro sai zubin murfin masai. Ma'aikatan wani furoje na raya karkara ne suka koya masa: a narkar da tsofaffin ledoji a rabin ganga, a zuba garin ɓawon gyaɗa, a tuƙa, a juye a akwatin ƙarfe ya daskare. Sun ja masa kunne a kan awo: tiya uku ta leda, ɗaya ta ɓawo. Da haka kwaɓin ke gudana kamar kunu, ya cika kowane lungu.

To, tsintar leda wahala ce, ɓawo kuwa kyauta ake kwasa. Ka san halin ɗan Adam. Sallau ya mai da ɓawo tiya biyu, ya ji daɗi, ya kai shi uku.

Ran nan matarsa Halimatu ta tarar da shi yana danna kwaɓin da katako, gumi sharkaf. Ta ce, "Malam, wannan ai tuwo ne, ba ya zuba. Mi zai cika tsakiyar?"

Ya ce, "Ke dai je ki. In na shafe sama, wa zai shiga ciki ya duba?"

Sama kam sumul, ciki kuwa duk kogo. Wani ɗan kasuwa ya kwashi goma sha biyu ya kai Mai Yara, ƙauyen da mahaifiyar Sallau, Inna Uwale, ke zaune wajen ƙanensa Almu. Almu na jin aikin yayansa ne ya saya da murna, ya ɗora a sabon masan da ya haƙa wa tsohuwa.

Kwana tara murfin ya yi. Ranar ta goma da hantsi, Inna ta taka, murfin ya rabe biyu. Da igiya aka ciro ta, ƙugu a karye. A kan amalanke ta cika, kafin a kai ta asibiti. Wayyo, baiwar Allah, ko sallama ba ta yi da ɗanta Sallau ba.

Wajen zaman makoki Almu ya ajiye wani guntu na murfin a gaban Sallau. Ya murza shi da yatsa, ya zube kamar dusa.

Ya ce, "Yaya, da aka ce mini aikinka ne, ko ƙwanƙwasawa ban yi ba."

Har yau Sallau bai sake hura wutar gangar nan ba.

Jama'a, duk mai sana'a ya tsaya a kan awo. Algus ba ya tambayar gidan da zai shiga, kuma ba ka san wanda zai taka aikin hannunka ba.