Wuyan Babana

Shekarar da Turawan majigi suka zo Wurno, babana suka zaɓa ya fito a matsayin uban wani yaro. Da aka dawo aka haska, duk gari ya gan shi a farin ƙyalle, ya ɗora yaron a wuya yana ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa ɗiyarsa ce ta fari. Bai taɓa ɗaukata ba, ko sunana ba ya kamawa, sai dai "ke yarinya".

Washegari da la'asar na kai masa fura a zaure. Yana zaune yana ware albasa, zauren duk warinta. Na dangwarar da ƙwaryar har furar ta fantsama.

Na ce, "Baba, don mi kaɗ ɗauki ɗan wasu, ni ba ka taɓa ɗaukata ba?"

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya fuskanci bango ya ce, "Wancan ai ba nau na ba. Wa ka kunyar ɗan wasu?"

Sai da na haifi ɗana na fari na gane amsar. Amma har yau, da furfurata, ban yafe wa yaron nan wuyan babana ba.