Ƙarƙashin Tamfol

Warin tamfol da ya sha rana, shi ne ban manta ba. Ina 'yar shekara tara Baba ya karɓi ɗinkin tamfol na wata motar hatsi da za ta Salka, alhali kekensa na ɗinkin riguna ne. Nauyin tamfol ɗin yana jan allura, sai ya sa ni na shiga ƙarƙashi na tallafe shi da ka.

Ciki duhu, ba iska. Ina jiyo ƙawayena suna carafke a ƙofar gida. Baba yana goga sabulu a bakin ɗinkin, yana juya keken da hannu a hankali.

"Uwata, kar ki motsa. Allura ɗaya ta rage mana."

Gumi ya shiga idona, wuyana ya ƙage. Na ɗan sunkuya, sai na ji ƙas!

Baba ya zare guntun allurar da ta karye. Can ya ce, "Ba laifinki ba ne, keken ne bai kai ba."

Na ɗauka shi ke nan, zan fito. Sai na ji ya ɗauko basilla.

"Ɗaga min nan, Uwata."

Har yau in motar hatsi ta wuce ni, sai na shafa wuyana.