Ranar da Malama Uwani Ta Koma Tauraro Biyu

Tun da aka kawo Zauren Makaranta, dandalin da ɗalibai ke ba malamai taurari ta waya, Malama Uwani ba ta taɓa sauka ƙasa da uku ba sai ranar Talata. Ta kama yara huɗu suna satar amsa, ta ƙwace takardunsu. Kafin azahar 'yan ajin suka haɗa baki, ta koma tauraro biyu, ƙofar ajin, wadda ba ta buɗe wa mai ƙasa da uku, ta ƙi buɗe mata.

Ta nufi ofishin ƙungiyar malamai, ta tarar da sakatare Tanimu, tsohon ɗalibinta.

"Malama, wallahi ba zan iya karɓar ƙorafinki ba," in ji shi. "Doka ta ce mai ƙasa da uku ya fita daga ƙungiya."

"Shekarata ashirin da shida a ƙungiyar nan, Tanimu. To ku kira yajin aiki mana."

"Sai an sa sanarwa a Zaure ɗalibai sun amince. Bara sun amince, amma ranar jarrabawa kaɗai."

"Yanzu yaya zan yi?"

"Ki ba su haƙuri a bidiyo. Ki ɗan yi murmushi, sun fi son haka."

Ta ja tsaki ta miƙe. Tana bakin ƙofa ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tebur.

"Malama, mu ma duk wanda ya shigo yana ba mu taurari. Ina kan uku daidai."

Ta juyo ta dube shi. Sannan ta ciro waya ta danna masa biyar, ta fita neman wuri mai haske da za ta ɗauki bidiyon.