Lita Huɗun da Suka Ɓace

Tun da hanyoyin mota suka mutu, kowa a gida yake haɗa ƙaramin jirginsa na sama, amma tankin mai sai na hukuma, a liƙe da hatimi. Kafin Tabawa ta ɗaura nata a fiffike, ta gwada shi da ruwa. An rubuta lita arba'in, amma a talatin da shida ya cika.

"Yaya Sallau, me ya cinye lita huɗu a ciki?"

Yayan nata ya waiga ƙofa. "Ɗaura kawai. Na kowa haka yake."

Innarsu na jiran a kai ta asibiti, dole Tabawa ta zubar da ruwan ta ɗaure notuna. Da ta kara kunne a jikin ƙarfen, ta ji wani abu yana ƙyas-ƙyas a ciki. Sallau na buɗe baki zai yi magana, abin ya yi tsit, kamar mai sauraro.