Jatan Landen Malam

Da Malam ya dawo daga makaranta, sai ya tarar da akwatin gilashin da yake kiwon jatan lande a ciki wayam. Babu ruwa, babu ciyayin da ya dasa cikin yashi da hannunsa, babu jatan lande ko ɗaya.

Mako uku ke nan yana fama. Guda talatin ya ɗauko daga Kaduna, ta hanyar nan da kowa ke bi da addu'a, don ɗalibansa su ga yadda ake rayuwa a ƙarƙashin ruwa. Zafin Afrilu ya yi ta ɗauke su. Ga fanka, babu wuta. Ran da ya jefa musu ƙanƙara, bakwai suka mutu. Saura tara, darasin kuma sai Litinin.

Ƙamshin miya ya bugi hancinsa, ya nufi madafi.

"Mama, dafa min su kika yi?"

Mahaifiyarsa ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Waɗannan mitsi-mitsin? Ko gishiri ba za su ɗauka ba. Kai ne dai kake dafa su a kwalba, Malam mai kimiyya."

Ta nuna masa gindin mangwaro da ludayi. Tsohuwar randarta na zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, tana zufa. Ya ɗage faifan da ke bakinta, ya tsoma yatsa, ya ji sanyi ƙalau. Can ƙasa, duka taran suna kiwo a kan ganye.

"To yaya yara za su gan su ta cikin yumɓu?"

"Yadda ka gan su yanzu," in ji ta. "Su sunkuya."