Abin da Ambaliya Ta Bari

"Ai kamfanin ya rufe wasan tun bara, Nanay," in ji mai shagon kwamfuta. Nanay na nufin Mama a yarensu.

Matar ta dafa tebur. Ambaliyar da ta ci 'yarta ta haɗa da hotuna da waya. Wasan intanet ɗin da yarinyar ke yi da abokanta kaɗai ya rage.

"Shi ke nan, babu ita ko'ina?"

"Dakata. 'Yan wasan sun buɗe nasu shafin, ba sa yar da komai."

Ya lalubo wani bidiyo, ya ƙara sauti. Sai ga muryar yarinyar, tana jan abokanta yaƙi da dodo. Can nesa wata mata ta ƙwala kira, wai shinkafa tana hucewa.

Uwar ta gane tata muryar.

"Ina zuwa, Nanay," in ji yarinyar.